Wata Bakwai Ana Haɗa Kwamfuta

Wata bakwai Almakashi ya yi yana zaɓen kayan da zai haɗa kwamfuta guda ɗaya. A cikin wata bakwai ɗin nan maƙwabcin shagonsa ya rushe bango, ya sake ginawa, ya yi fenti, har fentin ya fara ɓarewa. Shi kuwa yana nan da littafinsa mai layi-layi da biro, yana lissafin milimita.

Sana'arsa ce ta ba shi sunan. Mai tace bidiyo ne. A kawo masa ɗaukar awa shida ta taron makaranta ko buɗe sabon kanti, ya yanke tari da hamma da rabin jawabin shugaban taro, ya mayar da ita minti ashirin. Ƙaninsa, wanda kowa ke kira Auta har furfura ta fito masa a gemu, shi ne mai ɗauka. Shekara goma sha takwas suka yi a shago ɗaya, ɗaki mai tebur biyu da fanka ɗaya da kullum suke jayayya a kan wanda za ta fuskanta. Auta ya fita da kyamara ya dawo sharkaf da gumi, Almakashi ya zauna ya kushe ɗaukar tas, sannan ya gyara ta. Haka suka ci abinci.

Sai Auta ya kwanta ciwon kwana huɗu, ya rasu wata Talata da hantsi. Bayan mako biyu kwamfutar shagon ta yi wata 'yar ƙara kamar atishawar kyanwa, ita ma ta mutu. Mutane suka ce ikon Allah, ta bi mai ita. Almakashi ya ce a'a, madabod ne ya ƙone, wato babban allon da ake dasa komai a kansa. Har a gaban waɗanda suka zo yi masa gaisuwa ya faɗi haka, suka dubi juna.

Bai yi kuka ba, kuma ba don jarumta ba. Mutum ne da ya taɓa zubar da hawaye a kujerar likitan haƙori tun kafin a taɓa shi. Ya dai zauna yana jiran baƙin cikin kamar mai jiran mota a bakin titi, yana ganin tana ɗaukar kowa tana wuce shi. Yana barci, yana aski, yana amsa gaisuwa. Abinci ya koma iri biyu a bakinsa, mai zafi da mai sanyi. Da ya ga motar ba ta da niyyar tsayawa, sai ya sayi littafi mai layi-layi.

Mahaifiyarsu, Inna, tana zaune a gidan babbar yayarsu. Idanunta sun daɗe suna ja da baya. Likita ya ce ba irin ciwon da ake yi wa aiki ba ne, gani zai riƙa tsukewa daga gefe kamar ana jan bakin jaka, har ya rufe. Bai sa rana ba. Ya ce dai abin da take son gani, ta gan shi da wuri.

Abu ɗaya ta roƙa. "Ku nuna mini Auta yana motsi."

A nan gizo ke saƙar. Mutumin da ya ɗauki rabin gari a kyamara ba shi da bidiyon kansa ko ɗaya. In ka ɗaga waya za ka ɗauke shi, sai ya karɓe ya ce ba haka ake riƙewa ba, ya juya ta kanka. Hotunansa da suka rage na katin shaida ne, ya yi fuska kamar an kama shi da akuyar wani. Abin da ke akwai kaset ne guda ɗaya, ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana, na ranar da suka buɗe shago. Ranar Almakashi ne ya riƙe kyamara yana gwaji, ya ɗauki Auta na 'yan mintoci yana shigo da kaya.

"To ka jona a talabijin mana," in ji Yaya. Tela ce, ba ta son dogon bayani, in ta auna sai ta yanka.

"Yaya, kaset ɗin ya fi ɗanki na biyu shekaru. Zai iya juyawa sau ɗaya ya tsinke. Dole a karon farko kwamfuta ta kwafe shi. Kuma hoton duhu ne, ƙarami ne. Sai an wanke shi, an ƙara masa haske, an buɗa shi ya cika babban allo, sannan idon Inna zai kama wani abu."

"A kai wa wani mai kwamfuta mana."

"In ba wani kaset ɗin Auta ya tauna?"

"To yaushe?"

"Da zarar na haɗa sabuwa."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Wannan ne ma ya sa ya yi masa amfani har wata bakwai.

Mai sayar masa da kaya wani mutum ne mai tumbi da ake kira Injiniya, a hawa na biyu na wani bene da masu gyaran waya suka cika. Tabaransa na rataye da igiya a wuya, kuma ba ya sayar da ko sukuru sai ya haɗa da lacca.

"Malam Almakashi, madabod gidan haya ne," ya ce ranar farko. "Firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ne mai gidan, ba ya kwana sai a ɗakin da aka gina dominsa. Ka kawo na wani gida, ko da guduma ba zai shiga ba. Ram, masu riƙe masa aikin da yake kai, 'yan haya ne masu tsirfa, na bara ba sa zama a ginin bana. Gidan wuta shi ne mai dafa wa kowa, in tukunyarsa ta yi kaɗan, ana tsakiyar aiki kowa zai faɗi sumamme. Katin hoto kuwa..."

"Injiniya, tun kana sayar da batir nake buɗe kwamfuta."

"Shi ya sa taka ta ƙone. Katin hoto kuwa shi ne ƙaton ɗan hayan da ke cin rabin abincin gidan. Amma aikinka na wanke bidiyo, shi zai yi maka. Wane akwati za ka zuba su?"

"Wanda nake da shi."

Injiniya ya sa tabarau don ya dube shi da kyau. Ya san akwatin. Na ƙarfe ne, ruwan toka, mai nauyi kamar laifi. Sau uku aka sake kayan cikinsa a shekara goma sha takwas, shi yana nan. A samansa akwai takardar da Auta ya manna ya rubuta KAR A ƊORA SHAYI, ga kuma zoben gindin kofi sun fi ashirin kewaye da ita, yawancinsu na Auta ne.

"Wannan ai babban madabod ba zai shiga ba."

"Sai a sa ƙarami."

"Ƙaramin gida, ɗakuna kaɗan. Ka bar ni in ba ka sabon akwati mai gilashi, har da fitilu masu canza launi."

"Ba gidan rawa zan buɗe ba."

"Allah ya ba ka haƙuri. Firosesa fa? Akwai mai ido a jikinsa, ko babu katin hoto zai nuna maka allo. Akwai wanda ba shi da shi, sai da kati."

"Ba ni na biyun. Me zan yi da tocila ina da rana?"

"Rana tana faɗuwa, Malam."

"Rubuta."

Daga nan aka shiga dawa. Ram ɗin da ya zaɓa dogaye ne, kansu zai tokari fankar firosesa. Ya sake fanka, sabuwar ta fi murfin akwati tsayi da milimita shida. Ya koma ta farko, ya nemi gajerun ram, gajerun kuma ba sa cikin jerin waɗanda madabod ɗin ya yarda da su. Ya sake madabod, sai dole a sake duba firosesa. Gidan wutar da zai iya ciyar da ƙaton kati ba shi da irin bakin wayar da katin ke so. Kowane abu ka taɓa, sai wani ya yi ƙara a ɗaya gefen, kamar gidan da 'yan uwa suka yi yawa.

Ya cika shafi arba'in. Ya san zafin da kowane firosesa ke yi in an matsa masa, ya san ƙarar kowace fanka. Ƙaton katin da ya tsayar tsawonsa milimita ɗari uku da huɗu, cikin akwatin ɗari uku da tara. Sau uku ya auna da tef, a ranaku daban-daban, ko ƙarfen ya canza shawara. Duk lokacin da ya gano wani abu bai dace da wani ba, sai ya ji wani ɗan abu a ƙirji wanda ba daɗi ba ne, amma maƙwabcin daɗi ne. Shi ne kaɗai abin da yake ji a watannin nan, don haka bai bincike shi ba.

Ayyuka suka riƙa wuce shi. Ya tura masu taro wurin wasu. Kullum da safe yakan buɗe shago, ya share teburin Auta, ya zauna a nasa. Fanka tana fuskantarsa yanzu babu mai musu, sai ta zama iska kawai.

A wata na biyar Yaya ta kira shi da rana tsaka.

"Yau Inna ta zuba ruwa a gefen kofi. Tana ta zubawa a kan tebur, tana mini hira."

"Subhanallahi."

"Idonta na hagu ya rufe. Na dama likita ya ce saura kamar ramin makulli. Kana ji na kuwa?"

"Ina ji, Yaya."

"Ina kwamfutar?"

"Gidan wuta nake jira. Wanda ya zo wayarsa..."

"Almakashi, na ɗinka wa mai ciki kaya, ta haihu, na ɗinka wa jaririn riga, kai kana nan kana jiran waya. Jirgin sama kake haɗawa?"

"In aka sa wanda bai dace ba, zai iya ƙona komai."

"Komai ɗin me? Me ya rage da bai ƙone ba?"

Ya duba littafinsa. Ta kashe.

Yakan je gaishe da Inna duk Juma'a. Takan juya kai a hankali tana nemansa a ɗakin, kamar mai neman tasha a rediyo, in ta same shi sai ta tsaya. Ita ba ta taɓa kiransa Almakashi ba, Na-tsakiya take ce masa, don shi ne tsakanin Yaya da Auta.

"Na-tsakiya, injin ya kusa?"

"Ya kusa, Inna."

"To madalla. Kar ka takura kanka."

Da ta zage shi da ya fi sauƙi. Sai ya sha ruwa ya tashi.

A wata na bakwai kaya suka ƙare zuwa, ba don ya so ba. Babu sauran abin da za a jira. Wata Asabar da safe ya rufe ƙofar shago, ya shimfiɗa tsohon zani a kan teburin Auta, ya jera kwalaye. Ya fitar da matattun kayan tsohuwar kwamfuta ya zuba a aljihun tebur. Ya goge cikin akwatin da burushi. Ya zaunar da firosesa a ɗakinsa, ya shiga ba gardama. Ram suka yi ƙas, ƙas. Fanka ta wuce ƙarƙashin murfi da ratar da takarda za ta iya bi. Ya ɗauko ƙaton katin da hannu biyu, baƙi, mai fanka uku, nauyinsa kamar bulo. Ya zura shi a hankali, milimita biyar ɗin nan suna nan kamar yadda littafi ya yi alkawari.

Ya danna maɓalli. Fankoki suka tashi da wani siririn numfashi. Sabon allon, mai faɗin ƙofar taga, ya kawo haske. Zuwa la'asar komai ya zauna. Ya jefa mata wani tsohon aiki don gwaji, abin da tsohuwar kan kwana tana nishi a kai, wannan ta gama kafin ya ɗaure igiyar takalmi.

Ya tsaya ya ji ko zai yi murna. Shiru.

Saura abu ɗaya. Tsohuwar kyamarar kaset ba ta magana da kwamfutocin zamani kai tsaye. Wayarta tana da wani irin baki da aka daina yi, sai ta wani ɗan kati mai faɗin yatsu uku, wanda ya ciro daga tsohuwar kwamfuta. Bai manta da shi ba. Yana shafi na biyu a littafi, har da layi a ƙarƙashi: madabod mai rami biyu, ɗaya na ƙaton kati, ɗaya na katin kyamara.

Ya buɗe murfi, ya leƙa, ya nemi rami na biyu. Babu.

Ya kunna fitilar waya ya kwantar da kai. Ramin yana nan, a ƙarƙashin tumbin ƙaton katin, an danne shi ruf. Sau uku ya auna tsawon katin. Ya auna tsayinsa, ya lissafa wutar da yake ci da zafin da yake fitarwa. Kauri ne kawai bai taɓa tambaya ba. Ƙaton ɗan haya ya shiga ɗakinsa daidai, tumbinsa ya toshe ƙofar maƙwabci.

Ya zauna a kujera da ɗan katin a hannu. Maƙwabcin daɗin nan ya zo ya zauna kusa da shi, wannan karon har da miƙe ƙafa. Ya kira Injiniya.

Sai da Injiniya ya yi dariya har ya yi tari. "Shafi arba'in, Malam! Ko ni da ake yi wa gorin tumbi ban taɓa toshe ƙofar kowa ba."

"Akwai wayar da za ta jawo ramin waje?"

"Akwai, amma a matsin nan ko allura ba za ta shiga ba. Sai babban madabod, shi kuma sai sabon akwati. Mako uku kafin su iso. Ko kuma, in kaset ɗin ne kawai, ai sai ka..."

"Ka yi odar."

"Ina cewa ai kana iya..."

"Injiniya, ka yi odar."

Ya kira Yaya ya ce mata mako uku. Ya yi mata bayanin kauri da tsawo dalla-dalla. Ya daɗe yana magana kafin ya gane babu kowa a layin.

Litinin da safe, yana cikin share teburin Auta, tasi ta tsaya a ƙofar shago. Yaya ta fito, ta zagaya, ta fito da Inna tana riƙe da gwiwar hannunta. Inna ta sa mayafinta na fita unguwa. Rabonta da shagon tun ranar da aka buɗe shi.

"Akwai tudu, Inna, ɗaga ƙafa. Yawwa. Kai, ba ta kujera."

Ya ba ta kujerar Auta, don ita ce mai hannu. Inna ta shafa hannun kujerar.

"Yaya, na ce miki mako uku."

"Na ji. A nan za mu jira. Nuna mini abin da ya hana."

Ya buɗe murfin, ya haska mata. Ta sunkuya ta leƙa da idon mai neman inda ɗinki ya karkace.

"Wannan baƙin ne ya danne?"

"Shi ne."

"Da walda aka like shi?"

"A'a. Sukuru biyu ne."

"To cire shi."

"In na cire shi babu hoto. Firosesan da na saya ba ya nuna allo da kansa."

"Wa ya zaɓa?"

Ya kashe fitilar wayar. Yaya ta miƙe ta dube shi.

"Shekara goma sha takwas da me kuke ganin hoto a shagon nan?"

Ya dubi aljihun tebur. Tun ranar Asabar ya san abin da ke ciki. Tun kafin Injiniya ya buɗe baki ya sani. Tsohon katin hotonsu ne, siriri kamar biskit, fankarsa ɗaya, ƙura ta yi mata gemu. Ba shi ne ya ƙone ba.

"Ba zai iya wanke hoton ba, Yaya. Yadda yake a kaset haka zai fito, da duhunsa da komai."

"Na-tsakiya," in ji Inna, tana kallon wani wuri kusa da kafaɗarsa, "ni na haife shi. Ba a wanke ya zo ba."

Ya ɗauko sukurudireba. Aikin da ya ci wata bakwai ya warware a minti goma. Ya zaro ƙaton, ya rasa inda zai ajiye shi don Yaya ta ɗora jakarta a kan kwalinsa, sai ya ɗora shi a cinya. Ya hure tsohon katin ya zura, ya zura na kyamara a ƙasansa. Suka zauna su biyu a cikin ƙaton injin kamar tsofaffi a ɗakin jiran asibiti. Ya kunna. Allo ya yi jim, ya kawo.

Ya jona kyamarar, ya sa kaset, ta haɗiye shi da ƙarar tsufa. Yaya ta ja kujerar Inna har gaban allo. Ya danna kwafa, ya danna juyawa.

Shuɗi. Layuka. Sai titin nan nasu ya fito, ya cika allon, da ƙaramar bishiya a inda yanzu babba take. Hoton yana rawa, rabi rana ta cinye, rabi duhu. Wata murya ta fito, siririya, mai jin kanta: "Tana ɗauka kuwa? In jar fitila ta kama tana ɗauka ko?" Sai da ya ɗan jima kafin ya gane tasa ce.

Daga can nesa wani siririn saurayi ya taho da akwatin ƙarfe ruwan toka a kafaɗa, yana jefa ƙafar hagu waje kamar ba tasa ba. Yaya ta sa bakin mayafi a baki.

Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Kanta yana yawo, sama, ƙasa, gefe.

"Ina yake?"

"Ga shi nan, Inna, a tsakiya."

"Ina ganin fari. Yanzu kuma wani abu kamar taya."

Saurayin ya iso, ya cika allon, yana yi wa mai riƙe da kyamara magana. "Yaya, ajiye abin nan ka zo ka kama mini! Ba ma haka ake riƙewa ba." Ya yi dariya, fuskarsa ta zo dab, tafin hannu ya rufe komai. Sai silin, sai ƙafar tebur, sai shuɗi. Minti uku da 'yan daƙiƙu. Almakashi ya daɗe yana cewa biyar ne.

Kaset bai tsinke ba. Kwamfuta ta kwafe.

"Muryar na ji," in ji Inna. "Amma ban same shi ba. Da na kama kunne sai ya gudu. Abin ya yi mini yawa, Na-tsakiya. Ba ka da ƙarami?"

Ya dube ta. Ya dubi allon da ya kwashe mako biyu yana zaɓa saboda faɗinsa. Ramin makulli, in ji likita. Wanda ke leƙe ta ramin makulli, in ka kawo masa abu dab da ƙofa ba ya ganin komai sai maɓallin riga. Wannan ba ya cikin shafi arba'in, don bai taɓa zama ya tambaye ta yadda take gani ba.

"Yaya, ja kujerar baya. Ƙara. Har jikin bango."

Ya kama kusurwar hoton ya tsuke shi, ya yi ta tsukewa har ya koma kamar tafin hannu a tsakiyar baƙin allo. Ya tashi da katin a hammata, ya ɗora yatsa a kan gilashin da ya yi niyyar hana kowa taɓawa.

"Nemi yatsana, Inna."

Kanta ya yi yawo kaɗan, ya tsaya. "Na gani."

"Nan zai fito."

Ya koma ya zauna, ya sake kunnawa. Titi, bishiya, muryar mai jin kanta. Ɗan mutum kamar tsinken ashana ya taho da akwati a kafaɗa.

Inna ba ta motsa ba. Hannunta ya kama hannun kujera.

"Ga ƙafar nan," ta ce a hankali. "Har ya girma ban iya gyara masa ita ba." Saurayin ya matso, fuskar ta cika ɗan tafin hannun, gaba ɗayanta a wuri ɗaya, da haƙora da kunnuwa. "A'a. Ji ramarsa. Ba ku ba shi abinci ne a lokacin?"

Yaya ta yi wani sauti, rabi dariya, ta fita waje ta tsaya a bakin ƙofa ta juya musu baya.

"Na gan shi," in ji Inna. "Kai kuma tun a lokacin ba ka taimako. Yaro yana ɗauke da kaya kana tsaye kana tambayar fitila. A sake."

Ya sake. Ta ce a sake, ya sake. Fanka tana juyawa tsakanin tebur biyu, wani ya danna mata maɓallin waiwaye, mai yiwuwa Yaya. A waje maƙwabci yana kankare fentin bangonsa. Almakashi ya zauna yana jira ya ji ko motar nan za ta tsaya yau. Bai ji tsayuwarta ba. Ƙafafunsa dai sun yi sanyi, ya rasa dalili.

A karo na shida Auta ya iso ya ce, "Yaya, ajiye abin nan ka zo ka kama mini!"

Ya dubi cinyarsa. Ƙaton katin ne, ya daɗe yana rungume da shi da hannu biyu, gefen ƙarfen ya yi masa shaida a tafi. Ya ɗaga shi, ya waiga, ya ɗora shi a saman akwatin, a kan takardar da ta ce kar a ɗora shayi. Jini ya fara komawa ƙafafunsa da tsira-tsira kamar allurai.

"A sake," in ji Inna.

Ya sake.